Bambanci Tsakanin Filogin Kayan Kiɗa da Filogin Gyaran Sauti

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana shi ne wata 'yar kunya da muka sha bara, ni da abokaina na ƙungiyar wasan kwaikwayo. An ba mu aikin shirya waƙar da za a sa ranar raba kyaututtuka. Muka ari kwamfuta, muka yi karo-karo daga kuɗin kashewarmu muka sayi data, muka kwana biyu muna sauko da wani abu daga intanet, wai shi ne zai sa muryoyinmu su yi zaƙi kamar na mawaƙan finafinai. Da ya gama sauka muka ɗora shi, muka kama rera waƙa a makirfo. Muryoyinmu suka fito yadda suke, shi kuwa gogan naka ko motsi bai yi ba. Muka ce lalle a hanya ya lalace. Muka goge, muka sake saukowa, har data ta ƙare, ba labari. Daga bisani muka kai kuka wurin yayan wani abokinmu mai aiki a situdiyo. Da ya duba sai ya kama dariya, ya ce, "Haba ƙannena, ai kun kai wa masaƙi rini ne! Wannan ba ya jin murya, shi kiɗa yake yi." Ya sa yatsa ya danna wani maɓalli, sai ga sautin fiyano ya cika ɗaki.

Tun daga ranar nan na ƙudura a raina sai na san gindin maganar, gama rashin sani ya fi dare duhu. Na kuma lura ba mu kaɗai ba ne. Da yawa daga cikinmu suna roƙon iyaye kuɗin sayen irin waɗannan abubuwa, alhali su kansu ba su san abin da za su saya ba, balle iyayen da za su biya. To, ga maganar a dunƙule kafin mu warware ta. Filogin iri biyu ne manya. Ɗaya yana haifar da sauti inda babu. Ɗayan kuwa ba ya haifar da kome, sai dai ya karɓi sautin da aka riga aka samu ya sake masa kama. Na farko masaƙi ne, na biyu marini.

Mene Ne Filogin?

A zamanin da, in mawaƙi yana so a ɗauki waƙarsa a faifai, sai ya je situdiyo, watau ɗakin ɗaukar sauti, wanda ke cike da akwatunan ƙarfe, kowane da aikinsa, an jona su da wayoyi. Yau galibin akwatunan nan sun koma cikin kwamfuta. Akwai babbar manhaja wadda a cikinta ake ɗaukar sauti, a jera shi layi-layi, a yanke, a haɗa. Cikin irinta akwai Cubase, da FL Studio, da Pro Tools, da Logic Pro. Ita ce mai masauki, baƙinta kuwa su ne filogin, watau ƙananan manhajoji da ake jonawa a jikinta don su ƙara mata wani aiki. Kalmar aro ce daga Turanci, asalinta kuwa abin nan ne da ake cusawa a soket don a sami wuta.

Amma baƙo ba ya jin daɗin masauki sai in suna jin harshen juna da mai gida. Saboda haka a 1996 wani kamfanin Jamus mai suna Steinberg, da ke birnin Hamburg, ya fito da wata ƙa'ida da ya kira VST, ya kuma bar sauran masu rubuta manhaja su yi aiki da ita. Filogin na farko da suka zo da wannan ƙa'ida duk na gyaran sauti ne. Sai a 1999, da aka fito da VST na biyu, sa'an nan aka sami damar yin filogin mai kiɗa da kansa, na farkonsu kuwa sunansa Neon. Watau a wannan gida marini ya riga masaƙi tarewa da shekara 3. Kamfanin Apple yana da tasa ƙa'idar mai suna AU, masu Pro Tools kuma suna da AAX. Kada sunayen nan su ruɗe ku. Harsuna ne kawai, kuma a kowane harshe akwai mai saƙa, akwai mai rini.

Kaya Biyu Masu Yawo Cikin Kwamfuta

Ba za a gane bambancin ba sai an fara gane cewa abubuwa biyu ne ke kai da kawowa a cikin manhajar kiɗa, kuma ko kusa ba su yi kama da juna ba.

Na farko shi ne sauti kansa. Mun koya a ajin kimiyya cewa sauti girgizar iska ce. In ka yi magana, makirfo yakan juya girgizar nan ta zama ta lantarki, kwamfuta kuma ta riƙa auna ta tana rubutawa da lambobi. A ma'aunin faifan CD, sau 44,100 ake aunawa a kowane sakan, kuma kunnen hagu daban, na dama daban. Shi ya sa sauti ke da nauyi: minti ɗaya tak yana cin wajen megabait 10.

Na biyu ba sauti ba ne, umarni ne, sunansa MIDI. An fito da shi a 1983, kuma mutum biyu aka fi ambata wajen kafa shi: Dave Smith, Ba'amurke mai kamfanin Sequential Circuits, da Ikutaro Kakehashi, mutumin Japan wanda ya kafa kamfanin Roland. A watan Janairu na shekarar, a wata kasuwar baje kolin kayan kiɗa a Kalifoniya, aka jona na'urar wannan da ta wancan, aka danna ɗaya, ɗayar ta amsa. Abin da ya bi ta cikin wayar nan ba kiɗa ba ne. Saƙo ne gajere mai cewa an danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza, an kuma sake shi a lokaci kaza. Kowane maɓalli yana da lambarsa daga 0 zuwa 127, wanda ke tsakiyar fiyano lambarsa 60. Ƙarfin dannawa shi ma da lamba ake faɗinsa, har zuwa 127.

Ku ɗauki misalin takardar da likita ya rubuta wa majiyyaci. Takardar ba magani ba ce, ko ka jiƙa ka sha ba za ka warke ba, sai ka kai ta wurin mai ba da magani ya karanta ya haɗa maka. Haka MIDI yake. Shi ya sa ba shi da nauyi, har sau da yawa umarnin waƙa sukutum bai kai nauyin sakan ɗaya na sauti ba.

In kun riƙe wannan, sauran magana mai sauƙi ce. Filogin kayan kiɗa umarni yake ci, ya fid da sauti. Filogin gyaran sauti kuwa sauti yake ci, ya fid da sauti.

Masaƙi: Filogin Kayan Kiɗa

Kana iya zuwa wurin masaƙi hannu rabbana, ka ce masa kana son gwado mai ratsi kaza da faɗi kaza, shi kuma ya shiga masaƙarsa ya fito maka da zane inda da babu. Haka filogin kayan kiɗa yake. Umarnin yana zuwa masa ko dai daga ɗan fiyanon nan da ake jonawa da kwamfuta, wanda shi kansa bebe ne, ko kuwa daga abin da aka zana a allon manhaja. Hanya biyu ce aka fi bi wajen fid da sautin.

Ta farko ita ce ta lissafi, mai binta kuwa sunansa sintisaiza. Shi da lambobi yake ƙaga sauti. Alal misali, in umarni ya zo cewa an danna maɓalli na 69, ya san ana bukatar girgiza 440 a sakan. Sai ya ƙirƙiro ta, ya tace ta, ya tsara yadda za ta tashi da yadda za ta mutu, ko farat ɗaya kamar bugun ganga, ko sannu a hankali kamar busar sarewa. Kafin wannan zamani, na'urori ne na musamman ke yin aikin. Robert Moog ya nuna tasa a Amurka a 1964. Kamfanin Roland ya fito da akwatin ganguna TR-808 a 1980, wanda har yau ake jin kaurin gangarsa a waƙoƙin zamani. Yamaha kuma ya kawo DX7 a 1983. Yanzu duk akwai filogin masu kwaikwayonsu.

Ta biyu ita ce ta ajiya, mai binta sunansa samfula. Nan kuwa sai a sami abin kiɗa na gaske da gwanin makaɗi, a kai su situdiyo, a ɗauki kowane matakin sauti ɗai-ɗai, a adana. Fiyano yana da maɓalli 88. A ce an ɗauki kowane da ƙarfi iri 10, daga shafa har zuwa duka, an sami guntayen sauti 880 ke nan. In umarni ya zo, sai samfula ya duba lambar maɓalli da ƙarfin dannawa, ya zaro guntun da ya dace ya sa. Wannan ne dalilin da ya sa irinsu ke cinye data da wurin ajiya, kuma wanda muka kwana biyu muna saukowa ɗaya ne daga cikinsu. Na'urar Fairlight da aka ƙera a Ostireliya a 1979 tana cikin na farko-farko da suka yi wannan aiki da kwamfuta, amma sai masu hali ke iya sayenta. A cikin filogin kuwa, Kontakt, wanda kamfanin Native Instruments na Berlin ya fitar a 2002, ya yi suna ƙwarai.

Babban amfanin masaƙin nan shi ne ba ya fushi in ka sake shawara. Tun da umarni daban yake, sauti daban, kana iya kaɗa abu sau ɗaya, ka ji shi da muryar fiyano, in bai yi maka ba ka mai da shi sarewa ko jita, ba tare da ka sake kaɗawa ba. In yatsanka ya zame ya danna maɓallin da ba shi ba, sai ka je allo ka jawo shi ka mayar wurinsa.

Marini: Filogin Gyaran Sauti

Je ka Ƙofar Mata a Kano ka tsaya bakin karofi. Marini ba ya saƙa ko taƙi ɗaya. In ba a kawo masa fari ba, sai ya yini zaune, baba na tsima a banza. Amma in an kawo, zai tsoma, ya tsamo, ya shanya, a kai mabuga a buga, har zanen ya fito yana walƙiya, mai shi ma da ƙyar zai gane shi. Filogin gyaran sauti ke nan. In shiru ya shiga, shiru zai fita. Suna da yawa, amma ga biyar da ba a rasa su a kowane situdiyo.

Na ɗaya shi ne ikwalaiza, aikinsa kamar na rariya ne. Kunnen yaro mai lafiya yana jin girgiza daga wajen 20 zuwa 20,000 a sakan. Masu ƙaramar lamba su ne sauti mai kauri, masu babba su ne siriri. Ikwalaiza yana ba ka dama ka rage wani sashe ka ƙara wani. Alal misali, wutar lantarkin ƙasarmu tana kai da komowa sau 50 a sakan, in kuwa waya ba ta da kyau sai ka ji wani gurnani a ƙarƙashin murya. Da ikwalaiza ake danne shi.

Na biyu shi ne kwamfiresa, shi kuwa linzami ne. Mawaƙi wani lokaci ya yi kamar raɗa, wani lokaci ya kwarara murya. Sai a sa wa kwamfiresa iyaka, duk abin da ya haura ta ya ja shi baya. In an saita shi 4 bisa 1, to sautin da ya wuce iyaka da desibel 8, desibel 2 kaɗai zai tsallake. Desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Da haka ake jin kowace kalma ba tare da wata ta fasa kunne ba.

Na uku shi ne mai amsa-kuwwa. Sauti yana tafiyar wajen mita 343 a sakan. In ka yi kira gaban dutse mai nisan mita 17, muryarka za ta je ta komo cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan. Filogin ɗin yana kwaikwayon dutsen ne: ya riƙe kwafin muryarka ɗan lokaci, sa'an nan ya sako.

Na huɗu shi ne mai amon ɗaki. Kowa ya taɓa yin waƙa cikin soro marar kaya, ko ya leƙa rijiya ya yi magana, ya san yadda murya ke cika ta yi girma, saboda tana bugun bango tana komowa ta ko'ina. Don a sami irin wannan amo a situdiyo, a 1957 wani kamfanin Jamus ya ƙera EMT 140, watau wani ƙaton faranti na ƙarfe a cikin akwati mai nauyin wajen kilo 270. Yau ɗan filogin ne ke yin aikin, har ya sa wanda ya rera waƙa a ƙuryar ɗaki a ji shi kamar yana cikin babban zaure.

Na biyar shi ne mai miƙe murya, wanda aka fi sani da sunan Auto-Tune. Ya fito a 1997, wanda ya ƙirƙiro shi kuwa, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi aikin nazarin girgizar sauti a ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur. Aikinsa shi ne in murya ta kauce daga matakin da ya kamata, ya jawo ta zuwa mataki mafi kusa. In an sa shi da sauƙi ba a ko gane shi. In an matsa shi sosai, sai murya ta riƙa tsalle daga mataki zuwa mataki kamar ta ƙarfe. Mawaƙiya Cher ta Amurka ce ta fito da wannan salo fili a 1998, ga shi kuwa yau mun saba jinsa a waƙoƙin finafinan Hausa. Irin wannan ne muke nema bara, muka ɓuge da fiyano.

Yadda Suke Aiki Tare

Masaƙi da marini ba kishiyoyi ba ne, abokan sana'a ne. A layin kiɗa, umarni yana shiga filogin kayan kiɗa, ya fito a sauti, sautin ya bi ta cikin filogin gyara, sa'an nan ya isa lasifika. A layin murya kuwa babu bukatar masaƙi, gama maƙogwaron mawaƙi ya riga ya yi saƙar, daga makirfo sai wurin marini. Galibi masaƙi ɗaya ake sawa a kan layi, amma marina kana iya jera su biyar ko shida, wannan ya gama ya miƙa wa wancan. Jerin kuwa yana da ƙa'ida, kamar yadda ba a bugun zane kafin a rina. In ka sa amon ɗaki gaban kwamfiresa, sai amon ya kumbura ya dagula kalmomi, shi ya sa aka fi sa shi daga baya.

In wani filogin ya shige muku duhu, ku yi masa gwaji ɗaya. Ku tsai da kome, ɗaki ya yi tsit, ku danna maɓallin fiyano. In ya yi ƙara, masaƙi ne. In ya yi shiru sai an ba shi murya ko kiɗa, marini ne.

Gaskiya ne akwai masu tsayawa a kan iyaka. Yawancin sintisaiza suna zuwa da 'yan kayan gyara a cikinsu, kamar masaƙin da ya haƙa ɗan karofi a bayan gidansa, amma wannan bai hana shi zama masaƙi ba. Shi ma Auto-Tune yana iya karɓar umarnin MIDI a nuna masa matakin da ake so, amma in ba murya ba shi da abin yi. Saboda haka tambayar dai ɗaya ce: daga ina sautin ya samo asali?

Iyakar Kowane

A nan ne maganar ta shafe mu ƙwarai. Wasu iyaye suna cewa yanzu kwamfuta ce ke waƙa, wasu yara kuma sun gaskata haka har sun daina koyo. Duka biyu sun yi kuskure.

Rini ba ya gyara mummunar saƙa. In zane ya fito da huda, ko an tsoma shi sau goma hudar na nan, sai dai ta zama shuɗiya. In ka ɗauki murya kusa da janareta, ko ka manna baki a makirfo har sauti ya fashe, gyaran da za a yi daga baya faci ne kawai. Mai miƙe murya kansa mataki mafi kusa yake nema, don haka in mawaƙi ya kauce da nisa, sai ya jawo shi zuwa matakin da ba shi ba, ɓarna ta ƙaru. Bai kuma iya sa wa waƙa ma'ana ba. Ranar da aka ce mawaƙi ya tashi gaban jama'a, wuta ta ɗauke, to ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shi ma masaƙin yana da iyakarsa, kuma kayan kiɗanmu na gargajiya ne suka fi tona shi. Mai kalangu yana matse igiyoyinsa a hammata yana sakewa, fata ta ɗaure ta saki, sauti ya hau ya sauka yana bin karin harshen Hausa, har mai ji ya gane kirarin da ake yi masa ba tare da an buɗe baki ba. Mai goge kuma yana zamewa a kan izga tsakanin mataki da mataki, alhali fiyano ya kasa tsaninsa kashi 12 daidai wa daida, ba ya tsayawa a tsakani. MIDI yana da hanyar lanƙwasa sauti, amma wanda bai san maganar kalangu ba ba zai san inda zai lanƙwasa ba. Duk wanda ya saurari kalangan da ke bayan Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ko kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, sa'an nan ya saurari na maɓalli, zai yarda cewa kama da wane ba ta wane.

In kowace waƙa aka ce maɓalli ne zai kaɗa ta, makaɗanmu za su rasa abin yi, 'ya'yansu su ƙi gādo, wata rana a nemi mai kalangu a rasa. Amma wanda ya san bambancin nan yana da zaɓi. Yana iya gayyato makaɗi na gaske, ya biya shi haƙƙinsa, ya ɗauki kiɗansa da makirfo, sa'an nan ya sa marini ya goge shi ya fito fes. Kun ga a nan kwamfuta ta zama baran makaɗi, ba magajinsa ba.

Shawara Ga Ɗalibai da Iyaye

'Yan'uwana ɗalibai, kafin ku kashe ko kwabo, ku tambayi kanku abin da kuke so ku yi. In murya za ku ɗauka, ko ta waƙa, ko ta muhawara, ko ta wasan kwaikwayo, to makirfo mai kyau da ɗaki marar hayaniya sun fi muku kome, kayan gyaran da mai masauki ya zo da su kuwa sun ishi mai koyo. In kiɗa kuke so ku tsara, sa'an nan ne za ku nemi filogin kayan kiɗa. Akwai na kyauta na halak, kamar Surge XT, da Dexed mai kwaikwayon DX7. Ku guji na sata da ake rabawa a ɓoye, gama sau da yawa suna ɗauke da cutar da ke lalata kwamfuta, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Kada kuma wannan ya hana ku karatu, domin kun dai ga duk abin nan lissafi ne da kimiyya.

Iyayenmu kuwa, in yaro ya zo neman kuɗin filogin, ina roƙonku ku yi masa tambaya ɗaya: "Wannan saƙa yake yi ko rini?" In ya amsa da bayani, ya san abin da yake yi. In ya kama sosa ƙeya, a ce ya je ya ƙara tambaya tukuna. Ku kuma sani ba mawaƙa kaɗai ke cin abinci da wannan ilimi ba. Gidajen rediyo da talabijin da masu shirya finafinai duk suna bukatar wanda ya iya gyaran sauti.

Mu dai a ƙarshe wahalarmu ba ta tafi a banza ba. Fiyanon nan da muka sauko da shi bisa kuskure shi ya yi mana kiɗa. Da muka zo kan murya muka ce, "Yaya, a sa mana mai miƙe muryar mana." Ya ce, "Sai kun rera daidai tukuna." Sau 7 muka maimaita kafin ya yarda, ya ɗan sa ikwalaiza da amon ɗaki, shi ke nan. Ranar raba kyaututtuka aka sa waƙar, iyaye suka tafa, mu kuwa mun san abin da muka saƙa da bakinmu, mun san abin da aka rina mana.